UWA CE GARKUWAR FARKO TA JARIRI

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan

 



Kwamitin lafiya ya ɗora mana nauyin yin magana a kan lafiyar jarirai. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne. To amma mun zauna da 'ya'yanmu da suka yi karatun aikin jinya da unguwarzoma, mun yi tambaya an ba mu amsa, mun kuma haɗa da abin da idonmu ke gani a unguwa. Abin da muka taro ke nan za mu zube a gabanku.

Jama'a, duk wanda ke zuwa raka gawa a cikinmu ya san yawan ƙananan kaburbura da ke maƙabartarmu. Wani jaririn ana yanka ragon suna ana shirin jana'izarsa. Wani ko arba'in ba ya kaiwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 kan rasu kafin su cika wata ɗaya. Mun yi imani rai da ajali na Allah ne. Amma Allah ɗin da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma umarce mu da riƙon sababi. Babban sababin kuwa ya ajiye shi ne a jikin uwa.

GUZURIN DA AKE BA JARIRI TUN YANA CIKI

Kowane ɗayanmu yana da abin da likitoci ke kira garkuwar jiki. Wasu dakaru ne a cikin jini da hanji da fata, aikinsu su gane ƙwayar cuta su kashe ta. Duk cutar da mutum ya taɓa yi ya warke, ko aka yi masa allurar rigakafinta, jikinsa yana riƙe da kamanninta, ya kuma ƙera mata sinadarin kariya na musamman. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi.

To shi jariri bai taɓa haɗuwa da kowace cuta ba. Dakarunsa suna nan, amma sababbin ɗauka ne, ba su san abokin gaba ba. Kamar yaron da aka sauke a tashar mota yau ne, bai san gari ba, bai san yare ba, bai san wa zai cuce shi ba. Mu da muke zaman baƙunci mun san irin wannan yaro sai da maigida, sai da guzuri, sai an ba shi jari kafin ya tsaya da ƙafarsa. Haka Allah ya tsara wa jariri. Tun yana ciki uwa ke zuba masa sinadaran kariyarta ta hanyar mabiyiya da igiyar cibiya. Mafi yawan wannan zubi yana faruwa ne a watanni uku na ƙarshe, ya fi ƙarfi a makonni huɗu na ƙarshe. Jaririn da ya cika wata tara yakan fito da kariya a jininsa daidai da ta uwarsa, wani lokaci har ya ɗara ta. Bakwaini kuwa ya fito kafin a gama ƙulla masa guzuri, dalilin da ya sa ke nan cuta ke saurin kayar da shi, kuma yake bukatar kulawa ninki biyu.

Ku lura da abu ɗaya. Uwa ba ta ba da abin da ba ta da shi. Misali shi ne cutar sarƙe-haƙora, wadda wasu ke kira tsinkau-tsinkau. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, mu kuwa ga mu kullum cikin shanu da awaki. Tana shiga ta cibiya in an yanke ta da reza mai datti ko an shafa mata abin da bai dace ba. Sai ka ga jariri yana shan nono lafiya lau, tsakanin kwana 3 da kwana 14, sau da yawa wajen ranar suna, ya daina kama nono, muƙamuƙi ya sarƙe, jiki ya sandare. Sai a ce iska ce ko mayu. Alhali da an yi wa uwar allurar rigakafi sau biyu tana da ciki, da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa, da jikinta ya ƙera kariyar ya miƙa masa. In mace ta cika allurai biyar, sun ishe ta duk shekarunta na haihuwa. Allura a hannun uwa, kariya a jinin ɗa.

Abu na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. A nan Kudu damina doguwa ce, sauro ba ya hutu. Ƙwayar zazzaɓin takan taru a mabiyiya ko da mace ba ta jin komai a jikinta. In ta taru sai ta rage kariyar da ke ƙetarawa zuwa ga ɗa, ta tsotse jinin uwa, a haifi jariri ɗan ƙarami. Saboda haka ne a wajen awo ake ba mai ciki maganin nan da muka sani da Fansidar, daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, tare da ƙwayoyin ƙarin jini, a kuma ce ta riƙa kwana cikin gidan sauro. A wajen awon ne kuma ake gwada jini don ciwon hanta da ƙanjamau, domin in an gano da wuri akwai maganin da ke hana su kama jariri. To maigidan da ya hana matarsa zuwa awo, ya san abin da ya hana ɗansa ke nan.

DAKASHI

Yanzu mun zo kan maganar da muke roƙon iyayenmu mata su ba mu aron kunnuwansu, tare da girmamawa. Mun taso mun tarar ana cewa nonon farko, wato dakashi, ba shi da kyau. A tatse a zubar. A wasu gidajen har gwada shi ake yi, a saka tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne, sai an wanke shi da magani. Kafin nan jariri ya yi kwana biyu ko uku ana ɗura masa ruwa, ko madarar shanu, ko ta akuya, ko ruwan sukari.

Iyayenmu sun yi haka ne don ƙauna, da iyakar sanin zamaninsu. Amma yau an bincika an gani. Wannan ruwa mai kauri mai launin ɗorawa shi ne mafi tsadar abin da uwa za ta taɓa ba ɗanta. Kaurin da ake ƙyama, yawan sinadaran kariya ne ya kawo shi. In jariri ya haɗiya, sai ya shafe masa maƙogwaro da hanji kamar yadda ake yi wa ɗaki yaɓe, ƙwayar cuta ta rasa inda za ta maƙale. Yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda hakan ke rage shawara. Tururuwa kuwa, ko a ruwan zuma ka jefa ta nutsewa za ta yi.

Wata za ta ce ai ɗan kaɗan ne, ba zai ƙosar da shi ba. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba a kowane sha. Allah ya auna abin daidai da mazubinsa. Kuma tsotson ne ke kiran ruwan nono. Gwargwadon yadda ya tsotsa, gwargwadon yadda nono zai kawo.

A yankin Kintampo na ƙasar Gana an bi diddigin jarirai fiye da 10,000, aka fitar da sakamakon a 2006. An ƙiyasta cewa da kowane jariri zai fara shan nono a ranar farko, da an kauce wa kashi 16 cikin 100 na mace-macen watan farko. Da kuma za a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, da an kauce wa kashi 22. Awa ɗaya, jama'a, ba sisi ba kwabo. A goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su, wanka ya jira. Ɗumin jikinta yana hana shi sanyi, kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke fatarta da hanyar haihuwa su ne za su fara kama wuri a jikinsa kafin miyagun su iso. Wadda aka yi wa tiyata ita ma a kawo mata ɗanta da zarar ta farfaɗo, nononta yana yin aikin.

Game da tahniki, sunna ce, ba mai jayayya. Ɗan abin dabino ne ake shafawa a dasashi, da hannu mai tsabta. Ba a ce a cika masa ciki da jiƙo ba. Zuma kuwa, duk da albarkar da ke cikinta, likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, saboda takan ɗauko wata ƙwaya da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta shanye masa jiki.

NONO MAGANI NE DA AKE HAƊAWA KULLUM

Ga wani abin mamaki da ya shafe mu mazauna Sabo kai tsaye. Duk ƙwayar cutar da uwa ta shaƙa ko ta haɗiya a gidanta, dakarun da ke hanjinta da maƙogwaronta suna gane ta. Daga nan wasu cikinsu su bi jini su tare a nono, su riƙa zuba kariyar wannan cuta a ciki. Wato nonon matar da ke zaune a Sabo yana ɗauke da maganin cututtukan Sabo, na rijiyarmu da kwatarmu da kasuwarmu. Ba kamfanin da zai iya haɗa maka wannan a gwangwani. Don haka in mai shayarwa ta kamu da mura ko zazzaɓi ko gudawa, kada a raba ta da ɗanta. Ta wanke hannu, ta nemi magani a asibiti, ta ci gaba da shayarwa, domin a lokacin ne nonon ke ɗauke da kariyar da yaron ya fi bukata.

Wannan sani ba na jiya ba ne. Tun 1892 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya gwada da ɓeraye. Ya ɗauki 'ya'yan ɓerar da ba ta da kariya ya ba wadda aka yi wa rigakafi ta shayar da su, sai ga shi sun sami kariya ta hanyar nono kawai. Mu kuwa shari'armu tun tuni ta ɗauki nono da nauyi, har ta mai da waɗanda suka sha nono ɗaya 'yan'uwan juna, aure ya haramta a tsakaninsu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma a cikin ayar aka ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa. Maza, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin nono akwai wani sinadari da ke ƙwace ƙarfen da ƙwayoyin cuta ke bukata don su hayayyafa. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu rai. Akwai kuma wasu nau'o'in sukari fiye da 100 da jariri ba ya narkar da su sam. Abincin ƙwayoyi masu amfani ne da ke hanjinsa. Su kuma in sun ƙoshi sun yawaita, sai su cike wurin, su hana masu kawo gudawa zama, su kuma horar da dakarun jikin yaro su san wa za su yaƙa, wa za su ƙyale. Kun ga uwa tana ciyar da ɗanta, tana kuma ciyar da masu gadinsa.

A nan ne ɓarnar ruwa take. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, tatacce, mai tsabta. Ko a zafin bazarar Sakkwato ya ishi jariri, balle a nan. Duk cokalin ruwan da aka ba shi kafin wata shida, ko na rijiya ne, ko na leda, ko dauri, ko agbo da muka koya wurin maƙwabtanmu, ya tare wurin nono a cikinsa, kuma ya buɗe wa gudawa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ta tsayar da shawara a kan nono zalla har wata shida, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Masana da suka tattara bincike a mujallar likitoci ta Lancet a 2016 sun ce da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara kusan 823,000 duk shekara, a kauce wa kusan rabin gudawa da kashi ɗaya cikin uku na ciwon ƙirji. Amma a binciken 2018, jarirai 29 kacal cikin 100 ke samun nono zalla a ƙasar nan.

Mu 'yan kasuwa mun san lissafi. Gwangwanin madara kwana nawa yake yi? In kuɗi ya yi ƙasa sai a tsinka ta da ruwa, a zuba a bulumbotin da ƙuda ya gama bi. An biya kuɗi an sayo cuta. In larura ta sa dole sai madara, kamar uwa ta rasu, to ma'aikatan asibiti su nuna yadda ake haɗawa, a kuma ba shi da kofi mai tsabta. 'Yan'uwanmu mata masu sayar da abinci da fura a kasuwa, in ba za a tafi da jariri ba, a tatsa a kofi mai murfi a ajiye a inuwa, yana kai awa huɗu lafiya.

ABIN DA KE RUSA GARKUWAR

Cibiya ƙofa ce a buɗe. Gashi da tsumma, man goge baki, toka, man zafi, duk a bar su. Akwai maganin shafawa mai suna kulohezidin da gwamnati ta amince da shi don cibiya, ana samunsa a asibiti da kemis, ba shi da tsada. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido.

Wanzamanmu muna girmama sana'arku. Amma aska ɗaya a kan yara goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau da sarƙe-haƙora. Cire beli kuwa likitoci sun ce ba ya maganin komai, sai zubar jini da rauni a maƙogwaron da ya kamata ya haɗiyi nono. Aski ranar suna a yi shi da sabuwar reza.

Sai ɗabi'ar nan ta sayo Ampiclox na ɗigo a kemis a riƙa ba jariri wai don wanke ciki ko shawara. Irin wannan magani ba ya bambance ƙwaya mai amfani da mai cutarwa. Gadin da uwa ta yi makonni tana kafawa, sai a share shi cikin kwana uku. Ba a ba jariri shi sai likita ya rubuta. Haka hayaƙin itace da na taba da na janareta a kusa da ɗakin mai jego, yana raunana huhun yaro. Masu zuwa barka su wanke hannu kafin su karɓi jariri, mai tari ya yi barkarsa daga bakin ƙofa.

Kuma in jariri ya ƙi nono, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashi ya yi sauri, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko ido da tafin hannu suka yi ɗorawa, asibiti za a nufa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Jikin jariri ba ya jiran gari ya waye.

ARO BA YA DAWWAMA

Kariyar da uwa ta zuba a jinin ɗanta aro ce. Tana raguwa wata-wata, wajen wata shida yawancinta ta ƙare. Kafin ta ƙare dole yaro ya fara tara tasa. Aikin allurar rigakafi ke nan. Ranar haihuwa akwai ta tarin fuka, da ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta wadda ake so a yi cikin awa 24. Sai a koma a mako 6, da 10, da 14. A 2022 an ƙara ɗigon rigakafin wata muguwar gudawa ta yara. A wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Me ya sa ta ƙyanda ke jira har wata tara? Saboda kafin nan sauran kariyar uwa na iya tare allurar ta hana ta kamawa. Kun ga ashe lissafin allurar ma a kan uwa aka gina shi.

Katin nan da ake auna nauyin yaro a kai, a nan ƙasar Yarabawa aka ƙirƙiro shi. Dokta David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun daga 1956, shi ya fito da shi, daga baya duniya ta ɗauka. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta kiran jama'a a kan nono da rigakafi da ruwan gishiri da sukari. Abin da aka fara a maƙwabtanmu bai kamata a ce mu ne na baya wajen amfana da shi ba. Da rigakafi ne aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020.

Matsalarmu ta musamman ita ce tafiye-tafiye. Yarinya ta fara awo a nan, a kai ta Arewa goyon ciki ko wankan gida, kati ya tsaya a Ibadan. A can a ce sai ta koma, a nan a ce ai an yi a can. Yaro ya tashi ba nan ba can. Kati ya riƙa bin mai shi kamar kuɗin mota, kowane asibitin gwamnati zai ɗora daga inda aka tsaya.

NAUYIN DA KE KAN MAZA

Ko matar da ba ta ƙoshi ba tana yin nono mai kyau, amma daga jikinta ake cira. In ta rame ta kwanta, garkuwar gidan ce ta faɗi. Kuɗin da muke kashewa a ankon suna da makaɗa, a rage a sayi wake, ƙwai, kifi, hanta, gyaɗa, zogale, alayyahu, gwanda da lemo, tun tana da ciki har ta yaye. A sauƙaƙa mata aiki. Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi daidai jiki. Kunun kanwa a rage, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. A kuma ba ta tazara ta huta kafin wani cikin. In ciki ya shiga tana goyo, nonon bai zama guba ba, kada a fizge yaro daga nono rana ɗaya.

Muna ba ƙungiya shawara huɗu. Na ɗaya, a zaɓi mata masu jin Yarabanci da Turanci su riƙa raka 'yan'uwansu awo, domin rashin jin yare na cikin abin da ke korar matanmu daga asibiti. Na biyu, a ware wani abu a asusu don motar dare, ta mai naƙuda ko jariri marar lafiya, musamman in maigida yana kan hanyar fatauci. Na uku, a tara unguwarzoma da wanzamai su zauna da ma'aikatan jinya. Na huɗu, muna roƙon limamanmu, duk wanda ya zo sanar da suna a tambaye shi lafiyar mai jego, a kuma tambaye shi katin rigakafi.

Iyayenmu kakanni, ku ne masu iko a ɗakin mai jego. Abin da kuka ce shi ake yi. In kun ce a ba shi dakashi, an ba shi. In kun ce a ajiye ruwa sai wata shida, an ajiye. Wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ku.

Allah ya raya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.